Injin Yankan Itace Na Lantarki Ko Na Batir: Wanne Ya Dace Da Gidanka?

Duk wanda ke zaune a unguwa mai yawan darbejiya ya san abin da ake wayar gari da shi bayan ruwan farko. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta riga ruwa isowa, ƙura ta turnuƙe, can cikin dare sai a ji ƙarar karyewar itace. Gari na wayewa ga ƙaton reshe ya kwanta a kan katanga, ya lotsa kwanon rumfa, ya tare ƙofar gareji.

Maigida ya fito ya riƙe ƙugu, yara sun kewaye, an aika a kira mai gatari. In an yi sa'a ya iso kafin azahar, don a irin wannan safiya kowa nemansa yake yi. In kuma aikin ya fi ƙarfin gatari sai a nemo mai inji, shi kuwa kafin a shiga ciniki zai fara da lissafin man da zai ƙona.

Wannan ne ya sa magidanta da masu lambu da masu kula da makarantu da masallatai suka fara tunanin mallakar injin yankan itace nasu na kansu. Kasuwa ma ta amsa kira. A yau akwai wanda ake jonawa da wutar gida, akwai mai aiki da batir, har da ɗan ƙarami da ake riƙewa da hannu ɗaya, wanda tallarsa ta cika Facebook da TikTok. Sai dai yawan zaɓi ya zo da ruɗani, kuma kuskure a nan ba a aljihu kaɗai yake tsayawa ba, yakan kai ga yatsa ko ƙafa.

Abin da ya jawo sauyin

Dalili na farko shi ne mai. Kafin cire tallafin fetur a Najeriya a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 a gidajen mai na gwamnati ba. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da dama. Duk wata sana'a da ke tafiya da ƙaramin inji ta ji a jikinta, daga mai markaɗe zuwa mai ban ruwa a fadama, har mai yankan itace.

Na biyu shi ne wahalar injin fetur ga wanda ba sana'arsa ba ce. Sai an gauraya masa fetur da man inji a ma'auni, galibi kashi 50 na fetur ga kashi ɗaya na mai. In aka ajiye shi wata uku da sauran mai a ciki, kafireta ta toshe. Ranar da ake buƙatarsa sai a yi ta jan igiya ana gumi, a kwance fulogi, a hura, a mayar, ya ƙi tashi. Magidancin da zai yi aiki da inji sau uku ko huɗu a shekara shi ne wannan matsala ta fi kamawa.

Na uku shi ne yaɗuwar sola. Gidaje da yawa a Kano da Kaduna da Sakkwato da Maraɗi sun ɗora faifan sola, sun sayi inbata. Wanda ke da wutar rana a gida ba ya fargabar cajin batir, don haka kayan aikin da a da ake ganin na ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa ne, yanzu sun zama abin da za a iya tunani a kai.

Lantarki ba sabon abu ba ne

Mutane da yawa sun ɗauka injin lantarki sabon abu ne. Tarihi bai nuna haka ba. A 1926 wani injiniya Bajamushe, Andreas Stihl, ya ƙera injin yankan itace mai aiki da lantarki a birnin Stuttgart. Nauyinsa ya kai wajen kilo 50, sai mutum biyu ke iya sarrafa shi. Shekara guda bayan haka Emil Lerp, wanda ya kafa kamfanin Dolmar, ya fito da mai aiki da fetur.

Fetur ya yi rinjaye ne saboda daji ba shi da soket. Sarƙar da ake amfani da irinta a yau kuwa ta samo asali daga wani mai saran katako a Amurka, Joseph Cox, wanda ya lura da yadda tsutsar wani ƙwaro ke cin itace, ya kwaikwayi haƙoranta a shekarun 1940. Abin da ya dawo da lantarki fagen daga baya shi ne batirin litiyam, irin na wayar hannu da kwamfuta, wanda ke ɗaukar wuta mai yawa ba tare da nauyi ba.

Mai waya: ƙarfi da araha, amma sai da wuta

Injin da ake jonawa da wutar gida ya fi sauran araha, kuma ba ya gajiya. Yawancinsu suna tsakanin wat 1,600 zuwa 2,400, da baki mai tsawon inci 14 ko 16. Muddin akwai wuta zai yi ta yanka, babu hayaƙi, babu jiran caji. Kuɗin wutar ma ba wani abu ba ne. Ko a rukunin masu biyan kuɗin wuta na Band A, inda aka ƙara farashi a Afrilun 2024 ya haura naira 200 kowane yunit, injin wat 2,000 da ya yi awa guda cur yana yanka yunit biyu kawai zai ci.

Matsalar ita ce ranar da aka fi buƙatarsa ita ce ranar da wuta ta fi ɗaukewa. Iskar da ta karya reshe ita ce ta kayar da turakun wuta. Mazauna Arewacin Najeriya kuma ba su manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da jihohi da dama suka yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta yankin.

Kada kuma a yi zaton kowane janareta zai ɗauke shi. Ɗan ƙaramin nan da aka sani a shaguna bai kai wat 1,000 ba, ba zai iya ba. Injin yakan fizgi wuta fiye da abin da aka rubuta a jikinsa a daidai lokacin tashi, don haka yana son janareta ko inbata mai rarar ƙarfi sosai. Raunin wuta ma illa ne: in ta zo ba ƙarfi, motar injin kan yi zafi har ta ƙone.

Sai maganar waya. Siririyar wayar da ake jona fanka da talabijin ba ta wannan aiki ba ce. Ana son mai kauri, milimita 1.5 in tazarar gajeriya ce, 2.5 in za ta yi nisa, kuma a warware ta gaba ɗaya daga naɗinta don kada ta yi zafi. A ajiye ta ta bayan mai aiki, kada a yi yanka cikin ruwa ko a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Masu sayen kayan gwanjo su duba abu ɗaya kafin su biya: ƙarfin wutar da aka rubuta a jikin injin. Wutar Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 240 ce. Kayan da aka yi don Amurka da Kanada na bolt 120 ne, jona su kai tsaye ƙonewa ne nan take. Haka cajar batir ma.

Mai batir: 'yanci mai iyaka

Injin batir ya raba mai shi da igiya da waya. A danna, ya tashi, a saki, ya tsaya. Ana iya zuwa da shi bayan gida, ko gona, ko maƙabarta ranar aikin gayya. Ƙararsa ba ta kai ta fetur ba, wadda kan haura ma'aunin ƙara 100, har maƙwabta su kasa jin maganar juna. Ba ya hayaƙi, kuma ajiya ba ta toshe masa komai.

Iyakarsa ita ce batir. Matsakaicin batir kan ba da kamar minti 20 zuwa 40 na yanka, ya danganta da taurin itacen, sannan a jira caji na awa ɗaya ko fiye. Ga mai rage rassan mangwaro biyu da gwaiba uku wannan ya wadatar, don yawancin lokacin aiki a jan rassa da tara su yake tafiya. Ga mai daddatsa kututture yini guda kuwa, batir ɗaya ba zai kai shi ko'ina ba.

Akwai lissafi mai sauƙi da zai kare mai saye daga ruɗin kwali. A jikin kowane batir akwai lamba mai harafin V da wata mai Ah. A ninka su, abin da ya fito shi ne yawan wutar da batirin ke ɗauka. Mai 18V da 5Ah ya ba da 90, mai 36V da 4Ah ya ba da 144. Da wannan ake gwada batir da batir, ba da girman lambar V kaɗai ba.

A kuma sani cewa 18V da 20V da 21V duk abu ɗaya ne: ƙwayoyin batir biyar ne a jere, wani kamfani ya rubuta ƙarfinsu na yau da kullum, wani ya rubuta na lokacin da suka cika. Haka 36V da 40V. Shi ya sa in ka ga ɗan batir da bai cika tafin hannu ba an rubuta masa 88V ko 98V, ka san rubutu ne kawai. Ɗaga shi ka ji. Batir mai ɗaukar wuta da yawa ba ya rasa nauyi.

Wani abin lura shi ne irin motar. Akwai mai gawayi, wanda ke cinyewa a riƙa canzawa, akwai kuma marar gawayi, wadda ta fi tsada amma ta fi tattalin batir da daɗewa. Sannan kamfanoni irin su Makita da Bosch da DeWalt da Ingco da Total kowanne yana da nasa tsarin batir da ke shiga kayansa daban-daban. Wanda ya riga ya mallaki injin huda bango na wani kamfani, sayen injin yanka na wannan kamfanin zai iya rage masa kuɗi, tunda batir da caja su ne ke cin kaso mai tsoka na farashin.

Zafin bazara da batir

Abin da takardar talla ba ta cika faɗa ba shi ne yadda zafi ke cin batirin litiyam. Yawancinsu ba a so a yi musu caji in zafinsu ya haura digiri 40 zuwa 45. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai kuwa, a watan Afrilu iskar gari kanta kan wuce 40, balle cikin shagon kwano ko bayan mota da tsakar rana.

Don haka a bar batir ya huce bayan aiki kafin a sa shi caji, a yi cajin a inuwa, a kan siminti, nesa da katifa da galan ɗin fetur. In za a daɗe ba a yi aiki ba, a cire shi daga injin a ajiye da kamar rabin caji. Batirin da ya kumbura, ko ya fashe, ko yake wari, a daina amfani da shi. Gobarar litiyam tana da wuyar kashewa, kuma jabun caja na daga cikin manyan masu haddasa ta.

A tambayi bishiyar tukuna

Kafin a je Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Katako a Yamai, a fara zagaya gida a ga me za a yanka. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce bakin injin ya ɗara kaurin itacen da kamar inci biyu. Rassan da ba su wuce kaurin damtse ba, inci 8 zuwa 10 ya ishe su. Rassan darbejiya da mangwaro masu kaurin cinya suna son inci 12 zuwa 14, da batirin 36V ko injin waya. Dogon baki a kan raunanniyar mota nauyi kawai yake ƙarawa.

Itatuwanmu kuma ba ɗaya ba ne. Zogale da ɗanyen reshen mangwaro ba sa wahalar da inji. Darbejiya da turare suna tsaka-tsaki. Amma tsamiya da ƙirya da marke da kanya, musamman in sun bushe, taurinsu kan shanye batir cikin ɗan lokaci, ya dakushe sarƙa. Ba banza ba masu sassaƙa ke neman ƙirya don turmi. Wanda irin waɗannan ne a gabansa, ƙaramin injin batir zai ba shi kunya.

Ga rassan sama akwai injin da aka ɗora a kan doguwar sanda, wanda mutum ke yanka da shi yana tsaye a ƙasa. Ga yawancin gidaje wannan ya fi amfani, domin rage rassan da suka hau rufi ko suka leƙa gidan maƙwabci shi ne aikin da ya fi yawa.

Sarƙa ita ce injin

Masu sana'ar kan ce ba mota ke yanka ba, haƙori ne. A ƙasarmu kuwa maƙiyan haƙori suna da yawa. Ƙurar hunturu na maƙalewa a ɓawo. Gara na gina ƙasa a jikin kututture. Bishiyar bakin titi cike take da ƙusoshin allon talla da wayar shanya da itace ya haɗiye shekara da shekaru. Sarƙa ta taɓa yashi ko ƙusa na daƙiƙa ɗaya, kaifinta ya tafi.

Gane dakushewa ba wuya. Sarƙa mai kaifi tana watso ɓarɓashi manya-manya, kuma ita ke jan kanta cikin itace. In ta fara fitar da gari mai laushi, mai aiki yana dannawa da ƙarfi, itace yana hayaƙi, lokacin wasawa ya yi. Ana wasa ta da zagayayyen magagari daidai girman haƙoranta, ga yawancin ƙananan injuna mai milimita 4, ana bin kowane haƙori da adadin shafa ɗaya.

Wani kuskure da ya yaɗu shi ne zaton injin lantarki ba ya son mai ko kaɗan. Motar ce ba ta so, sarƙa kuwa dole ta sha mai. Akwai ɗan tanki a jikin injin don haka. Don a tabbatar yana zuba, a nuna bakin injin ga kwali a tayar da shi, za a ga layin mai ya fesu. Baƙin man da aka juye daga mota, wanda da yawa ke zubawa don sauƙi, yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da ke cin famfon mai, ga illa ga fata da ƙasar lambu.

Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci a shago ba ta farashi ba ce. Ita ce: in sarƙar nan ta ƙare, kana da irinta? In batir ya mutu bayan shekara biyu, a ina zan samu? Sarƙoƙi suna da lamba da yawan haƙora, ba kowace ke shiga kowane inji ba. Araha ba ta ado, kuma inji mai kyau da babu kayan gyaransa a gari ya zama kayan ajiya.

Shirunsa ba ya rage kaifinsa

Hatsarin injin batir yana cikin sauƙinsa. Na fetur yana da rugugi da ke sa kowa ya ja baya. Na batir kuwa yana kwance shiru, ko yaro ya danna zai tashi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 36,000 ne ake kai wa asibiti duk shekara a ƙasar saboda raunin injin yankan itace, kuma can kayan kariya sun wadata.

Mafi munin hatsari shi ne zabura. In saman ƙarshen bakin injin ya taɓa itace ko katanga, ko itace ya matse sarƙa, injin kan yi tsalle baya ya nufo fuska cikin ƙiftawar ido. Don haka ake sa birki a gaban hannun hagu, wanda ke tsayar da sarƙa nan take. Kada a sayi babban inji marar wannan birki, kuma a gwada shi a shago kafin a biya.

'Yan ƙananan nan na hannu ɗaya, masu inci 4 zuwa 6, suna da amfani ga lemo da gwaiba da shingen fulawa. Amma da yawansu ba su da birki, kuma suna koya wa mutum mugun hali: ya riƙe reshe da hannu ɗaya, ya yanka da ɗayan. Yatsun hannun da ke riƙe da reshen su ne ke biyan kuɗin wannan ganganci.

Suturarmu ma abin dubawa ce. Babbar riga da jallabiya da mayafi da hijabi da jelar rawani duk sarƙa na iya kama su. A sa kaya masu kama jiki, da takalmi rufaffe mai tauri maimakon silifa, da safar hannu, da gilashin kare ido, da abin toshe kunne. A riƙe inji da hannu biyu, kada a yi yanka sama da kafaɗa, kada a hau tsani da shi. A kori yara da dabbobi, amma a sami babba ɗaya a kusa ko da wani abu zai faru. Duk lokacin da za a taɓa sarƙa, a fara cire batir ko a zare waya.

Reshen da ya kusanci wayar wuta kuwa ba aikin maigida ba ne ko kaɗan. A sanar da kamfanin rarraba wuta na yankin. Ɗanyen reshe yana ɗaukar wuta, kuma ta manyan layuka kan yi tsalle ba sai an taɓa ta ba.

Ra'ayi ya bambanta

Masu sana'ar yankan itace da fetur ba su ga abin da zai maye gurbin injinsu nan kusa ba, kuma suna da hujja. Wanda zai yini a daji ko ya tsaga katako yana buƙatar ƙarfi da juriya da galan ɗin mai ke bayarwa. Injunan batir na ƙwararru suna nan, amma kuɗinsu da na baturan da za a riƙa musanyawa ya fi ƙarfin mai ƙaramin jari.

Masu gyara kuma suna nuni da cewa injin fetur ko a ƙauye za a sami mai kwance shi. Na batir kuwa in allon lantarkin cikinsa ya ƙone, sau da yawa sai dai a nemi sabo. Masu lambun mangwaro da na lemo suna kallon abin ta wata fuskar: a wurinsu inji marar nauyi da ke yanka sumul, ba tare da tsage ɓawo kamar adda ba, yana taimaka wa bishiya ta warke da wuri.

Akwai kuma masu ganin cewa ga gida mai bishiya ɗaya ko biyu, sayen inji ma bai taso ba. Zarton hannu mai kyau da kiran mai sana'a sau ɗaya a shekara ya fi sauƙi, ya kuma bar wa mai gatari abincinsa. Wasu unguwanni da ƙungiyoyin manoma za su fi cin riba in suka haɗa kuɗi suka sayi ɗaya, suka damƙa shi ga mutum guda da ya koyi aikin.

Gyara, ba kisa ba

Damuwar masu kare muhalli ita ce ta fi nauyi. Bishiyar da a da sai ƙarti sun yini suna sara, yanzu mutum ɗaya zai kayar da ita kafin a ankara, kuma da injin da ba ya ƙara sosai. A yankin da hamada ke matsowa, inda jihohi 11 na Arewa ke cikin shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi ta Afirka, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Hukumomi sun fara motsawa. A 2025 Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano ta sanar da haramta amfani da injin yankan itace ba tare da izini ba, ta fito da tsarin rajistar masu sana'ar da takardar izinin sara ko rage bishiya, tare da tara mai nauyi da sharaɗin dasa wasu a madadin wadda aka sare. Ghana kuwa tun 1998 ta hana tsaga katakon sayarwa da irin wannan inji. Mai niyyar saye ya fara tuntuɓar ofishin gandun daji na ƙaramar hukumarsa ya ji dokar da ke aiki a wurinsu.

Amma yanka ba kullum ɓarna ba ne. Manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna wa duniya haka tun shekarun 1980, lokacin da suka rungumi sassaben zamani: a bar tohon da ya fito daga kututture, a zaɓi masu ƙarfi, a rage sauran. Da wuƙa da adda aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 na gonaki. Iya yanka shi ne ya raya waɗannan bishiyoyi.

Haka abin yake a cikin gida. Reshe mai nauyi ana sauke shi da yanka uku. A fara shiga ta ƙasa, kamar taƙi ɗaya daga jikin bishiyar, a tsaya a kashi ɗaya cikin uku. A koma ta sama, ɗan gaba kaɗan, har reshen ya faɗi. Sannan a cire guntun da ya rage dab da kumburin gindinsa, ba tare da an shafe kumburin ba, don daga nan bishiya ke rufe ciwonta. Lokacin da ya fi dacewa da rage darbejiya shi ne kafin faɗuwar damina, mangwaro kuma bayan an gama tsinka. Aske bishiya ƙwal, kamar yadda ake yawan yi, yana haifar da sababbin rassa marasa ƙwari, waɗanda iska ta fi saurin karyawa.

Kafin a zaro kuɗi

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ana iya taƙaita zaɓin haka. Mai tsayayyiyar wuta ko babban janareta, wanda duk bishiyoyinsa ke cikin gida, injin waya ya fi masa sauƙi da ƙarfi. Mai sola, ko mai lambu nesa da soket, ya nemi na batir 36V mai birki, marar gawayi, in da hali da batir biyu. Mai ƙananan itatuwan marmari kawai, ɗan ƙarami ko mai sanda ya ishe shi. Babbar bishiya, ko wadda ta karkata kan gini, ko ta kusanci waya, aikin ƙwararre ne ko da akwai inji a gida.

Akwai kuma nauyi a kan wasu. Hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ta sa ido kan batura da cajoji masu lambobin ƙarya da ke shigowa. 'Yan kasuwa su riƙa kawo sarƙa da mai da kayan kariya tare da injin, su kuma nuna wa mai saye yadda birki ke aiki kafin ya bar shago. Ma'aikatun muhalli su haɗa ba da izini da horarwa cikin harshen da masu aikin ke ji, ta rediyo da ta ƙungiyoyinsu. Shi kuma maigida ya kasafta kuɗinsa tun farko: kaso na inji, kaso na kayan kariya da sarƙar canji, da ɗan abin da zai sayi dashe biyu ko uku a duk lokacin da larura ta sa ya sare guda.